Babi na Bakwai: Gurbin da Aka Ajiye wa Ɗan Sakandare

Wanda ya tashi a Najeriya hanya ɗaya ya sani ta zama likita. Yaro ya gama sakandare, ya rubuta WAEC ko NECO, ya zauna jarrabawar JAMB, in makinsa ya kai kuma da rabo, Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta ba shi gurbi. Shekara shida yana kan karatu ɗaya, ya fito da MBBS, ya yi shekara guda ta horo a asibiti, sannan ya tafi bautar ƙasa. Daga Birtaniya muka gaji wannan tsari. A Nijar ma daga BAC ɗalibi yake wucewa tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Shi ya sa 'yan'uwanmu mazauna Amurka, masu 'ya'ya a makarantun Bronx da Houston da sauran birane, sukan yi turus ranar da aka fara yi musu bayanin cewa a can ba haka ake yi ba.

A Amurka sai ɗalibi ya yi digirin farko na shekara huɗu tukuna, a kowane fanni ya ga dama, muddin ya haɗa da darussan bayoloji da kemistiri da fizis da ake buƙata. Sannan ya zauna jarrabawar MCAT, wadda ke cin fiye da awa bakwai a zama guda, makinta kuma daga 472 ne zuwa 528. Bayan haka ne zai nemi gurbi a makarantar likitanci, ya ƙara shekara huɗu, ya fito da digirin MD. Ko a nan da saura, don akwai horon ƙwarewa a asibiti: shekara uku ga likitan yara ko likitan iyali, biyar ga likitan tiyata, bakwai ga mai tiyatar ƙwaƙwalwa. Tushen tsarin yana komawa ga 1893, lokacin da Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe makarantar likitancinta a Baltimore ta ce ba za ta ɗauki kowa ba sai mai digiri. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantu 155 a Amurka da Kanada. Ya kafa Hopkins a matsayin abin koyi, ya yi kaca-kaca da makarantun da ke karɓar duk wanda ya zo da kuɗi. Da yawa suka rufe, waɗanda suka saura kuma suka yi ta ɗaga sharuɗɗansu har digirin farko ya zama ƙa'ida.

Ƙofa ta biyun nan, ta shiga makarantar likitanci, ita ce mai ƙunci. Duk shekara mutum kusan 50,000 ko fiye ke neman shiga makarantun MD, a 2021 ma adadin ya haura 60,000, guraben kuwa dubu ashirin ne da 'yan kai. Fiye da rabin masu nema ke nan ake mayarwa gida, kuma ba ragwaye ba ne. Yara ne da suka shafe shekara huɗu suna kwana a ɗakin karatu, suna aikin sa kai a asibitoci, suna bin malamai a ɗakunan bincike. Mafi yawan waɗanda suka samu shiga ma sai da suka ƙara shekara ɗaya ko biyu bayan digiri suna ƙarfafa takardunsu, shi ya sa sabon ɗalibin likitanci a Amurka yakan kai shekara 24 a duniya.

Cikin wannan hali ne wasu jami'o'i suka buɗe 'yar ƙofa ta gefe, wadda suke kira BS/MD ko BA/MD. Yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, ɗan shekara 17 ko 18, ya cika takardun nema sau ɗaya, a ba shi gurbi biyu a haɗe: na digirin farko yanzu, da na makarantar likitanci da aka ajiye masa zuwa gaba. Wani shirin shekara shida ne, wani bakwai, wani takwas. Guraben 'yan kaɗan ne, wata jami'a goma take ɗauka a shekara, wata ashirin, masu nema kuwa ɗaruruwa ko dubbai. Ranar da irin wannan wasiƙa ta iso gida, abin da uba yakan faɗa guda ne: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Bai yi ƙarya ba. Amma akwai gidan da wasiƙa biyu ko uku za su iso, akwai kuma gidan da wasiƙar haɗakar za ta zo tare da ta wata babbar jami'a da ta ba da digirin farko kawai. Irin waɗannan gidaje nake wa magana a wannan babi.

Tarihin shirye-shiryen da kansa yana da abin da zai gaya mana. A farkon shekarun 1960 Amurka ta shiga damuwar ƙarancin likitoci, aka fara neman hanyar rage tsawon karatun. Jami'ar Northwestern da Jami'ar Boston suka buɗe nasu a 1961. Penn State da Kwalejin Likitanci ta Jefferson suka biyo baya a 1963 da shirin da a farkonsa shekara biyar kacal yake ɗauka. Sai shekarun suka yi ta ƙaruwa. Na Penn State ya koma shida, yau bakwai ne. Northwestern da shida ta fara, ta koma bakwai, a 2020 kuma ta sanar da rufe shirin gaba ɗaya, Boston ma daga baya ta rufe nata. Waɗanda suka ƙirƙiro saurin su ne suka fara sassauta shi, kuma bai kamata mai zaɓe ya wuce wannan bai tsaya ya yi tunani ba.

Kafin a dubi sunan jami'a ko yawan shekaru, a nemi takardar sharuɗɗa a karanta ta layi-layi, domin nan gizo ke saƙar. Kalmar da ake tallata shirin da ita ita ce tabbaci, amma babu shiri ko ɗaya da tabbacinsa ba shi da "idan". Kusan dukkansu suna sa iyakar makin da ɗalibi ba zai sauka ƙasa da shi ba. A ma'aunin Amurka da ke tsayawa a 4.0, da yawa suna neman 3.5 ko sama, wasu kuma sukan ware darussan kimiyya su auna su daban. Wasu, kamar Brown da Rochester da Jami'ar Missouri ta Kansas City, sun yafe wa ɗalibansu MCAT. Wasu, kamar shirin Penn State, suna so a zauna ta a kuma kai wani maki. Akwai waɗanda sai an sake ganawa da ɗalibi ido da ido kafin a bar shi ya tsallaka, akwai kuma sharaɗin ɗa'a, wanda laifi ɗaya na satar amsa zai iya rusa komai.

Ga yadda nake auna lamarin. Idan shiri ya ce sai ɗalibi ya riƙe maki mai tsananin tsawo, ya kuma ci MCAT da maki mai tsawo, sannan ya sake zama gaban kwamiti, to abin da aka ba shi kaɗan ne ƙwarai. Yaron da ya iya cika waɗannan sharuɗɗa, da ta hanyar kowa ya bi ma da wuya ya rasa gurbi a wani wuri. Wanda kuma ya kasa cikawa, shi ne ainihin mai buƙatar tabbacin, shi ne kuma za a sallama. Darajar gurbin da aka ajiye tana ga sauƙin numfashin da yake ba yaro: ya ɗauki darasin tarihi ko Larabci ko kiɗa ba tare da fargabar makinsa zai faɗi ba, ya yi hutu ya je ya ga kakanninsa, ya kwanta da dare bai lissafa abin da ɗan ajinsu ya ci ba. Shirin da bai ba da wannan ba, suna kawai ya sayar.

Akwai tambayoyi biyu da ofishin ɗaukar ɗalibai ba ya sa su a takardar talla, amma in an yi su kai tsaye akan samu amsa. Ta farko: cikin waɗanda suka fara shekara biyar da suka wuce, nawa ne suka tsallaka makarantar likitancin, sauran kuma fita suka yi don kansu ko fitar da su aka yi? Ta biyu: in zango ɗaya ya lalace, me ke faruwa? Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Yaro yakan yi ciwo, akan yi rasuwa a gida, akwai kuma darasin kemistiri na shekara ta biyu da ya yi ƙaurin suna wajen kayar da haziƙai. Shirin da ke da tsarin gargaɗi, da damar maimaita darasi, da hanyar ɗaukaka ƙara, ya fi wanda ya fi shi suna amma kuskure ɗaya ke kore mutum.

Bayan sharaɗin zama, sai sharaɗin fita, kuma a ganina wannan ne iyaye suka fi tsallakewa. Fita iri biyu ce. Ta farko, ɗalibi ya ga ya yi ƙarfi, yana so ya gwada wata makarantar likitanci da ta fi wadda aka ajiye masa ko ta fi ta araha. Shirye-shirye kaɗan ne ke barinsa ya nema a waje gurbinsa na nan. Mafi yawa da zarar ya tura takarda wani wuri, ya saki nasa ke nan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce in aka dubi abin da ya faru a 'yan shekarun nan. A 2018 Jami'ar New York ta soke kuɗin makaranta ga dukkan ɗaliban likitancinta. A farkon 2024 Ruth Gottesman ta ba Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein, wadda ke nan cikin Bronx, kyautar dala biliyan ɗaya, karatu ya zama kyauta. Cikin shekarar dai gidauniyar Michael Bloomberg ta ba Johns Hopkins irin wannan adadi, aka yafe kuɗin makaranta ga 'ya'yan gidajen da samunsu bai kai dala 300,000 a shekara ba. Yaron da ya sa hannu a wani shiri a 2016 ba shi da yadda zai san haka na tafe. Shiga waɗannan makarantu yana da matuƙar wuya, ban ce kowa zai samu ba. Amma wanda aka ɗaure ko gwadawa ba zai yi ba sai ya jefar da abin da ke hannunsa.

Fita ta biyu ta fi nauyi: yaro ya gane cewa ba likitanci yake so ba. Wannan na faruwa, kuma ba abin kunya ba ne. Ɗan shekara 17 bai taɓa karanta tattalin arziki ko injiniyanci ko shari'a ba, abin da ya sani shi ne yana cin bayoloji kuma kowa a gida yana kiransa Dokta tun yana firamare. A shirin shekara takwas, in ya sauya ra'ayi, yana da cikakken digiri a ƙarshen shekara ta huɗu, ya kama gabansa ba asara. A shirye-shiryen sauri lamarin ya bambanta. Akwai na shekara bakwai da ba sa ba da digirin farko sai ɗalibi ya kammala shekarar farko ta makarantar likitanci, domin da darussanta ake cike gurbin shekarar da aka yanke. A na shekara shida kuwa karatun biyu a sarƙe suke, wanda ya fita a tsakiya zai iya samun kansa da tarin darussan da ba su haɗa digiri ba, ga bashi a wuya. Don haka a tambaya ƙarara: yaushe ake ba da digirin farko, kuma in yarona ya tsaya a shekara ta uku, me zai fita da shi a hannu?

Ban faɗi wannan don in kushe shirin shekara shida ba. Na Jami'ar Missouri ta Kansas City, wanda aka buɗe a 1971 a ƙarƙashin jagorancin likitan zuciya E. Grey Dimond, an gina shi ne da tunani tun daga tushe, ba yanke-yanke aka yi wa wani tsari ba. Yana ɗaukar ɗalibai sama da ɗari a shekara, yana kai su gaban marasa lafiya tun shekarar farko, daga shekara ta uku kuma a raba su ƙananan rukunai, kowane rukuni da likita guda da zai raine shi har ƙarshe, manyan ɗalibai suna jan ƙanana. Wanda ya yi MBBS a gida zai ga kama da abin da ya sani. Farashin shi ne kusan babu dogon hutu, karatu ake yi rani da damina, kuma ɗalibi yakan gama yana ɗan shekara 24, lokacin da sa'o'insa ke shirin farawa. Ga yaron da ya riga ya ga asibiti da idonsa, ya tabbata, kuma zama bai dame shi ba, wannan alheri ne.

A ɗaya gefen akwai shirin PLME na Jami'ar Brown a Providence, shi kaɗai ne irinsa a cikin tsofaffin jami'o'i takwas na Ivy League. Shekara takwas cif, ba a rage ko wata ɗaya ba. Manufarsa ma ba sauri ba ce. So ake yaro ya yi amfani da shekaru huɗun farko ya karanci abin da ransa ke so, falsafa ko adabi ko kwamfuta, ya shigo likitanci da faɗin tunani. In aka tambaye ni, ga mafi yawan yara na fi karkata ga irin wannan. Likita zai zauna da matar da za a gaya wa mijinta ba zai tashi ba, zai yi magana da tsohon da ya ƙi shan magani, zai yanke hukunci da tsakar dare ba kowa kusa. Shekara biyu na ƙarin girma ba asara ba ce ga mai wannan aiki. Aikin likita yakan kai shekara talatin ko arba'in, shekara ɗaya ko biyu da aka rage a farkonsa ba ita za a tuna ba.

Sai dai masu cewa sauri yana rage kuɗi suna da hujja, kuma dole a zauna da alƙalami. Kuɗin makarantar likitanci mai zaman kanta yakan haura dala 60,000 a shekara, ban da ci da kwana, kuma matsakaicin bashin da sabon likita ke fita da shi yana kusan dala 200,000. Rage shekara guda na nufin rage kuɗin shekara guda da kuma fara karɓar albashi da wuri. Amma lissafin yana da lungu. Tallafin da ba a biya, irin su Pell na gwamnatin tarayya da wanda jami'o'i ke bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, na matakin digirin farko ne. Da zarar an mayar da sunan ɗalibi rajistar makarantar likitanci, yawancin taimakon rance yake komawa. Ke nan shekarar da aka yanke tana iya zama mai arahar, masu tsadar kuwa suna nan daram. Jami'o'in jihohi kuma farashi biyu gare su, na ɗan jiha da na baƙo, tazarar kuwa tana da yawa. Ƙari a kan haka, dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙayyade rancen gwamnatin tarayya ga sababbin ɗaliban fannoni irin likitanci daga Yulin 2026: dala 50,000 a shekara, 200,000 jimilla. Abin da ya haura haka sai a nemo shi a banki da sharuɗɗan banki, ga gidajen da ke ƙyamar kuɗin ruwa kuwa wannan damuwa ce a kan damuwa. A rubuta kuɗin dukkan shekarun, daga ta farko har ta ƙarshe, a jera su gefe da gefe, kada a tsaya ga wasiƙar tallafin shekarar farko.

Tunda gurbi biyu ne aka haɗa, kowanne a auna shi shi kaɗai. Yaro ya tambayi kansa: da babu alkawarin likitancin, zan zo wannan jami'a? Sannan: da ina da digiri a hannu yau, zan nemi wannan makarantar likitanci? Ta biyun ta fi wuyar amsawa ga ɗan sakandare, amma akwai alamu. A dubi asibitin koyarwa, nata ne ko aro take yi, kuma wane irin marasa lafiya ke zuwa. Duk watan Maris makarantu sukan wallafa jerin asibitocin da ɗalibansu suka samu gurbin horon ƙwarewa, a nemo na shekara uku ko huɗu a karanta. Tun Janairun 2022 matakin farko na jarrabawar lasisi ta USMLE ya daina ba da maki, ci ne ko faɗuwa kawai, shi ya sa da yawa ke ganin sunan makaranta da binciken da ɗalibi ya yi da wasiƙun malamansa sun ƙara nauyi, musamman ga fannonin da ake rububinsu irin su fata da ƙashi da ido. A kuma tabbatar da irin digirin. Akwai shirye-shiryen da ke kai wa ga DO maimakon MD. Mai DO cikakken likita ne a Amurka, amma wanda ke da niyyar komawa gida ya yi aiki ya fara tuntuɓar hukumar rajistar likitoci ta ƙasarsa, a Najeriya MDCN ke nan. Akwai kuma kwalejojin da abokiyar haɗakarsu makaranta ce a tsibiran Karibiyan, wanda ya gama a can kuwa a matsayin mai digirin ƙasar waje Amurka ke lissafa shi ranar neman horo.

Kowane shiri kuma da irin likitan da yake son fitarwa. Kwalejin Likitanci ta Albany a jihar New York misali ce mai kyau, don makaranta ɗaya ce da ƙofa uku, wato makarantun digirin farko uku da take haɗaka da su. Ta hanyar Rensselaer shekara bakwai ne, an gina shi kan bincike. Ta Kwalejin Union takwas ne, da ƙarin digiri na biyu a harkar tafiyar da kiwon lafiya. Ta Siena ma takwas ne, amma hidimar jama'a aka sa gaba. Shirin Sophie Davis a Harlem, wanda aka kafa a City College a 1973 kuma ya zama cikakkiyar makarantar likitanci ta Jami'ar Birnin New York (CUNY) a 2016, shekara bakwai ne, manufarsa fitar da likitocin da za su yi aiki a unguwannin da likita ya yi ƙaranci. Jami'ar Howard a Washington, mai dogon tarihin horar da likitoci baƙar fata tun 1868, ita ma tana da nata. Yaron da zuciyarsa ke ɗakin bincike in ya shiga shirin hidimar unguwa don kawai gurbi, zai yi shekara bakwai yana faɗin abin da ba shi ne a ransa ba.

A ɗauka wata yarinya ce a Bronx, mahaifinta direban tasi, mahaifiyarta tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wasiƙa uku ta samu. Ta farko shirin shekara shida ne a wata jiha mai nisa, da farashin baƙo da tallafi kaɗan. Ta biyu shekara takwas ce, ana neman 3.5, babu MCAT, an yafe mata rabin kuɗin digirin farko. Ta uku babbar jami'a ce mai dukiya da ta ɗauke mata komai har kwana da abinci, amma babu alkawarin likitanci. Ta farko zan ajiye ta gefe, sai in lissafi ya nuna abin da ban zata ba. Tsakanin ta biyu da ta uku ne shawarar take, kuma halin yarinyar ne zai raba gardama. In mai son gasa ce, jarrabawa ba ta firgita ta, ko kuma har yanzu tana leƙen wasu fannoni, ta uku za ta kai ta shekara 22 ba bashin ko sisi, dukkan ƙofofi a buɗe. In kuwa ta yi aikin sa kai a asibiti, ta ga jini da kuka da wari ta koma washegari da kanta, kuma fargaba ce ke cin ta ba ƙarancin ƙwazo ba, ta biyu za ta ba ta shekara huɗu na kwanciyar hankali da kuɗi ba ya saye.

A nan nake da roƙo ga iyaye. Wanda ya bar garinsu ya zo ƙasar sanyi yana tuƙi dare da rana, in ya ga 'yarsa ta samu gurbin likita, ya ga sakamakon wahalarsa ne da idonsa, kuma yana da haƙƙin ya yi murna. Amma yaranmu da wuya su kalli uba su ce a'a. In ta ce, "Baba, ni fa ban tabbata ba," ta yi ƙoƙari matuƙa kafin maganar ta fito, kada a rufe ta da "Ke dai ki shiga, Allah zai yi miki albarka." A tambaye ta me ta gani, me take tsoro. A nemo mata likita, mace in da hali, ta bi ta kwana biyu ko uku a wurin aiki. Ita ce za ta yi shekara goma sha ɗaya ko fiye a wannan hanya, sunanta ne kuma zai hau takardar bashi.

Ga wadda ba ta tabbata ba akwai hanyar tsakiya da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu makarantun likitanci suna ba da gurbi da wuri ga ɗaliban da suka riga suka shiga jami'a. Makarantar Icahn ta asibitin Mount Sinai a New York tana da shirin FlexMed, inda ɗalibin kowace jami'a zai nema a shekararsa ta biyu, in an ɗauke shi an yafe masa MCAT. Ya gaji wani tsohon shiri ne da aka fara a 1987 don ɗaliban adabi da zamantakewa. Jami'o'i da dama suna da irin wannan yarjejeniya da makarantun likitanci na kusa da su. Ɗan shekara 19 da ya ɗanɗana kemistirin jami'a ya fi ɗan shekara 17 sanin abin da yake sa wa hannu.

Mai karanta wannan daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana tunanin turo ɗansa, ya sani tun yanzu cewa mafi yawan shirye-shiryen nan na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin, wasu ma 'yan jiharsu kaɗai suke ɗauka. Kaɗan ne ke karɓar baƙo mai bizar karatu, shi kuma ba ya samun rancen gwamnatin tarayya, wasu makarantun har sukan nemi ya nuna kuɗin shekarun likitancin tun kafin ya fara. Ga irin wannan gida, MBBS na gida ko na wata ƙasa mai araha, sannan jarrabawar USMLE daga baya in ana son horo a Amurka, ita ce hanyar da dubban likitocin Najeriya suka bi.

Ga waɗanda suka cancanta kuma, lokaci gajere ne. Yawancin shirye-shiryen suna rufe karɓar takardu tun Nuwamba ko Disamba, kafin wa'adin sauran ɗalibai. Ganawa takan faɗo tsakanin Janairu da Maris, amsa ta zo zuwa farkon Afrilu, ranar 1 ga Mayu kuma ita ce ranar da ɗalibi zai zaɓi jami'a ɗaya ya biya kuɗin kama gurbi. Tunda shirye-shirye na rufewa, sharuɗɗa kuma na sauyawa daga shekara zuwa shekara, kada a dogara da abin da ɗan maƙwabta ya tarar shekara huɗu da suka wuce, a karɓi na bana a rubuce. Cikin watan Afrilu a je a ga wurin. Ofis zai haɗa ku da ɗalibin shekarar farko mai fara'a, ku gode, sannan ku nemi a haɗa ku da na shekara ta biyar ko ta shida, wanda ya riga ya tsallaka ya fara biyan kuɗin likitancin. In da hali, ta hanyar ɗaliban, a nemo wanda ya bar shirin a ji daga bakinsa dalilin fitarsa da abin da ya fita da shi.